Hoton da babu kowa a ciki: wa ya taɓa tsintar irinsa a kayan gida?

Ɗan Kufena:
Assalamu alaikum jama'a. Wani abu ya same ni makon jiya, na ce bari in kawo shi nan in ji ko ni kaɗai ne. Bayan sadakar arba'in ta mahaifinmu muka buɗe akwatin ƙarfensa. Ƙarƙashin takardun fansho akwai wata ambulan cike da hotuna. Yawancinsu irin waɗanda kuka sani ne, na situdiyo: an dafa tebur mai fulawar roba, an ƙame kamar soja. Amma guda shida babu mutum ko ɗaya a ciki. Dutsen Kufena ne daga gonarmu ta wajen Wusasa, dawa ta fitar da kai, ga wata kuka a hannun hagu.

Ƙannena suka ture su gefe, kowa na neman wanda fuskar Baba ta fito. Ni kuwa ina gani na gane inda ya tsaya ya ɗauka: kan wani suri da yake ajiye buta da rediyonsa idan muna noma. A ƙasan ɗaya daga ciki har inuwarsa ta shigo, da tsinin hularsa. Wallahi kukan da ban yi ba ranar jana'iza, gaban wannan kukar na yi shi. Akwai wanda hoton fili ko dutse ko kogi ya taɓa yi wa haka?

Uwar Biyu:
Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Yaya, ai kai ka yi sa'a naka da kansa ya ɗauka. A gidanmu ɓarna ake kiran wannan. Fim ɗaya hoto 36 ne, sai an saya, sai an kai wanki an biya, a jira kwanaki. A 2001 muna hanyar Abuja yayanmu ya leƙa ta taga ya ɗauki Dutsen Zuma, Baba ya yi ta faɗa har muka shiga gari: dutsen guduwa zai yi? Mai son ganin Zuma ya juya bayan naira ɗari mana!

Hoton ma bai yi kyau ba, motar na gudu, dutsen ya karkace. Sai dai a gefe hannun Innarmu ya fito, ta dafa gilashi, da jan lalle da zoben azurfarta. Inna ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, ta ce ita na bishiya da dutse ta sani malamai ba su hana ba, na mai rai kuwa a bar ta. Yau shekararta tara da rasuwa, wannan hannun shi ne kaɗai abin da muke da shi. Yayan namu da aka yi wa faɗa, ko aro ba ya bayarwa.

Baba Mai Ritaya:
'Ya'yana, ku bari tsoho ya sa baki. Ku naku wuraren suna nan, ko an canza su za ku iya zuwa ku taka ƙasar. Ni garin da aka yanke mini cibiya yana ƙarƙashin ruwa. A tsohuwar Bussa aka haife ni. Da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya taru ya shanye garin, aka mayar da mu Sabuwar Bussa, gidaje a jere, duk kamarsu ɗaya. Har duwatsun cikin kogi da ake nuna mana ana cewa nan Baturen nan Mungo Park ya halaka a 1806, duk sun nutse.

Ba mu da kyamara, wa ma ya san ta. Wani malamin makarantarmu ne ya ɗauki bakin kogi kafin tashi, baƙi da fari, ya ba mahaifina ɗaya. Kwale-kwale uku a ɗaure, yashi, bishiyoyi a tsallake. Shi ke nan. Gidanmu bai fito ba. Amma duk sallah idan muka taru sai an ɗauko shi, kuma sai an yi gardama. Yayata, Allah ya ƙara mata lafiya, ta haura tamanin, takan sa yatsa a kan farin bakin takardar, can wajen hoton, ta ce a nan ɗakin Inna yake, a nan turmi, ta nan ake gangarawa wanki. Wani ya ce a'a, ya fi nan nisa. Wurin da take dangwalawa har ya yi baƙi ya sule. Jikokina sun taɓa cewa a kai a gyara a goge dattin, na ce duk wanda ya goge shi ba ni ba shi.

Na shiga jirgin ruwa a tafkin sau biyu bayan na girma. Mai tuƙi ya tsaya a wani wuri ya ce kusan nan ne. Na leƙa, fuskata kawai na gani.

Badamagare Mai Kyamara:
Baba, ka sa jikina ya yi sanyi. Amma ni ta ɗaya gefen zan zo, don sana'ata ce. Shekarar da muka yi aure na kai maiɗakina Agadas. Na wuni ina kewaya hasumiyar babban masallaci, ginin ƙasar nan mai tsawon mita 27, ina jiran rana ta sauko ta yi mata ja. Na dawo Damagaram da hoto ya fi ɗari biyu, hasumiya ta gabas, hasumiya ta yamma. Amarya fa? Tana bayana riƙe da jaka. Ko ɗaya ba ta fito ba. Yau 'ya'yanmu huɗu, kuma duk ranar da muka saɓa sai ta ce je ka hasumiyarka ta dafa maka tuwo. Don haka ku ɗauki dutsen, amma ku ce wa na kusa da ku ya shiga ko daga gefe ne.

Tunda ana maganar, lokacin hazo ba ya ba da nesa, komai fari yake fitowa. Ku bari sai washegarin ruwan sama, da hantsi ko la'asar sakaliya.

Uwar Biyu:
Malam, Hajiya ta yi gaskiya, ina bayanta.

'Yar Yerwa:
Ni gargaɗi na zo da shi. Ambaliyar Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya kwana a ɗakinmu har saman gado. Da muka koma, albam uku sun manne sun zama kamar tubali. Na yi ƙoƙarin ɓanɓarewa, fuskokin suka biyo yatsana. Na auren iyayena, na sunana, duk.

Guda ɗaya ya tsira, shi ma don ƙanwata ta taɓa ɗaukarsa da waya ta tura wa 'yan uwa a WhatsApp. Bakin Tafkin Chadi ne a Baga, inda mahaifinmu ke sarin banda, ruwa har iyakar gani. Yakan ce ko a lokacin tafkin ya riga ya ja baya, ba kamar yadda ya same shi yana yaro ba. Rabonmu da Baga tun kafin rikici. Don Allah duk mai tsohon hoto ya ɗauke shi da waya yau, ya tura wa mutum biyu. Kada a ce sai an samu lokaci.

Ɗan Kufena:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. 'Yar uwa, Allah ya mayar da alheri, a daren na ɗauke su duka shidan. Baba, na karanta wa Innarmu labarin yayarka, ta ce in gaishe ta.

Jiya na bi shawarar Malam na je da la'asar. Gonar an daɗe da yanka ta filaye, ban ma gane hanya ba sai da na riƙa daidaita dutsen da hoton a hannuna. Surin dai yanzu yana cikin gidan wani, kukar kuma babu ko kututture. Maigidan ya fito yana mini kallon ɓarawo, na miƙa masa hoton. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya sa aka kawo tsani na hau kan katangarsa na ɗauka. Dutsen ne kawai ya zauna daidai, sauran duk kwano da tankin ruwa.

Yanzu kuma rigima ta koma gida. Ƙannen da suka ture hotunan gefe, kowa mai inuwar yake so. Na ce a wanko tara a raba. Asalin Inna ta karɓe, ta naɗe a ɗankwali ta sa a cikin kwalla.