Shawarwarin masu bugun bodi ga mai son ƙera mota da hannu

Hirar da 'yan uwanmu masu bugun bodi da walda suka yi a Agege, kusan duk a kan illar gaggawa ta ƙare. Manyan cikinsu sun ce kada yaro ya taɓa ƙarfe sai ya sassaƙa surar motar da katako, ya yanka kowane ɓangare da kwali ya gwada. Farantin ƙarfe mai kaurin milimita 1 zuwa 1.2 ya isa. A ɗora shi kan buhun yashi a buga daga tsakiya zuwa gefe, da gudumar katako.

Alminiyom ne ya kawo gardama. Yana taurarewa in ya sha bugu, sai an shafa masa baƙin hayaƙi an gasa har baƙin ya ɓace kafin ya sake laushi. Wasu sun ce sabon shiga ya bar shi tukuna, kuma ina ganin gaskiyarsu.

Walda ɗigo-ɗigo, ana barin wurin ya huce, don zafi na murɗa faranti. Iskar Legas da gishiri take, ƙarfe tsirara kan kwana da tsatsa, saboda haka a fesa firaima, wato fentin shimfiɗa mai hana tsatsa, ranar da aka goge. Kayan gyara a kasuwar Ladipo, ƙarfe a kasuwar Owode Onirin, duk a Legas. Cesis kuma, wato ƙashin motar da ake ɗora bodi a kansa, a saya da takardunsa.