"Wake ɗaya shi ke ɓata gari": da wa wannan magana take?

Ɗan Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya bayan isha'i karin magana ta kusa raba zumunci a gidanmu. Ƙanena mai sayar da albasa a Kudu ya dawo, yana ba da labarin yadda aka sauke su daga mota a hanya, shi da duk mai hula ko gemu, aka zazzage musu jakunkuna sauran fasinja na zaune suna kallo. Wata mata har ta ce gara a duba su da kyau, ai irinsu ne. Kawunmu ya gama saurare ya ce, "To sai haƙuri, wake ɗaya shi ke ɓata gari." Yaro ya miƙe yana huci, wai Kawu ya goyi bayan waɗanda suka wulaƙanta shi. Kawu kuma ya rantse shi jaje ya yi. Na rasa wanda zan ba gaskiya.

Maman Hanifa: Wa alaikumus salam. Mu a gidanmu miya muke cewa, ba gari ba.

Tela Mai Almakashi: Hajiya, ko miyarku ko garinmu, waken dai shi ne.

Malam Na-Kusugu: Maganar cikin gida ce wannan. Uwa ce ke faɗa wa ɗanta in zai fita ci-rani, ko malami ga almajiransa ranar da za su tashi. Jan kunne ce kafin a yi ɓarna: ka kiyaye, sunan gidanmu na tare da kai. Amma a ɗauko ta bayan an ci zarafin wanda bai ji ba bai gani ba, wannan an sa ta inda ba muhallinta ba. Allah Ya ce wani rai ba ya ɗaukar nauyin zunubin wani, yana nan a ƙarshen Suratul An'am. Kawu ya yi kuskuren wuri, Allah Ya yafe mana baki ɗaya.

Baban Zahra: Allah gafarta Malam, ni ban ga kuskuren ba. Kawu bai ce hakan daidai ne ba, cewa ya yi haka mutane suke. Ku tuna Disambar 2009, da yaron nan Umar Faruk Abdulmutallab ya so tayar da bam a jirgin da zai sauka Detroit ranar Kirsimeti. Mahaifinsa mutumin Funtua ne, namu ne, kuma da ƙafarsa ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja ya kai ƙarar ɗan cikinsa tun kafin abin ya faru. Me ya rage uba ya yi? Duk da haka, shigowar 2010 aka sa Najeriya cikin ƙasashe 14 da ake yi wa matafiyansu binciken ƙwaƙwaf. Ba wanda ya ce mutanen ƙasar uban da ya kai rahoto ne. Da ɗan aka tuna. To in Bahaushe ya hango wannan hali tun kafin a ƙera jirgi, laifinsa ne?

Malam Na-Kusugu: Hangowa daban, Alhaji, yarda daban.

Baban Zahra: Kuma ai a Anfal an ce mu ji tsoron fitinar da ba ta tsayawa kan azzalumai kaɗai. Ko ba haka ba, Malam?

Malam Na-Kusugu: Haka ne, aya ta 25. Sai dai ita kira take a hana ɓarna. Ba ta ba ɗan sanda izinin zazzage jakar mai albasa ba.

Ummu Sadiq: Ni abin da ke ci min rai ba binciken ba ne. Duk ranar da wani abu ya tashi a ko'ina cikin duniya, sai abokan karatuna na Kudu su fara turo min saƙo, wai me ya sa malamanku suka yi shiru. Shiru? Malam Ja'afar, haifaffen Daura, a fili ya yi wa Muhammad Yusuf na Boko Haram raddi, aka harbe Malam a 2007 yana limancin asuba a Ɗorayi. Malam Albani na Zariya a 2014 aka kashe shi tare da matarsa da ɗansa. A shekarar dai aka tayar da bam a babban masallacin Kano ranar Juma'a, sama da mutum 100 suka tafi. Mu ne gawa, mu ne kuma ake so mu zo mu wanke kanmu. Na daina ba su amsa wallahi.

Jikar Iya: Ku bari in ba ku labarin kakata, Allah Ya jiƙanta, don ita wannan karin maganar a gabanta ba a gama faɗarta. Iya ƙosai take toyawa a ƙofar gida a Daura. Ƙarshen 1980 ne, lokacin faɗan Maitatsine a 'Yan Awaki, Daura tana ƙarƙashin jihar Kaduna, sanyi ana busa shi kamar me. Labari ya zo an kashe dubbai a Kano, sojoji sun shiga, almajiran mutumin sun watsu cikin ƙasa. Sai gari ya tsargu. Duk gardin da aka gani da buzu da allo a rataye, ido na kansa. Mata suka daina zuba wa almajirai tuwo, yaran da shekara da shekaru su ke musu wanke-wanke.

To ana cikin haka wani gardi ya sauko daga motar Kano da asuba, ƙafa duk faso, ya zauna gefen murhun Iya yana jin ɗumi. Kafin hantsi samari sun kewaye shi, wannan da gora wannan da tabarya. Iya ta miƙe da matsamin ƙosai a hannu, mai na ɗiga, ta ce duk wanda ya matso sai ta yi masa kwalliya. Ta tura shi zaure ta ja ƙyaure.

Tela Mai Almakashi: Kai! Irin su Iya ya kamata a ba tsaron dajin Rugu.

Jikar Iya: Tsaya Tela, ban gama ba. Da la'asar mai unguwa ya aiko. Ta je da ƙwaryar wakenta a ka, don ba ta yarda ta bar wa kishiya tsinta ba. Mai unguwa ya ce, "Iya, ba mu ce shi ne ba, amma kin sani wake ɗaya..." Ta katse shi. Ta ce, "Ranka ya daɗe, shekarata nawa ina sana'ar wake? Kullum da mai ƙwaro a ciki. Ka taɓa ganin na kifar da ƙwarya a bola? Zama nake in tsince. Wanda ya ce a zubar duka, ƙyuyar tsinta gare shi." Aka kira malamin tsangaya ya yi wa gardi tambayoyi, aka ja masa baƙi ya ɗauka tiryan-tiryan, ya faɗi garinsu da malaminsa, aka sallame shi. Iya ta riƙe shi a zaure, yana mata surfe da ɗiban ruwa, tana ba shi ƙosai bashi.

Maman Hanifa: Allahu akbar. Allah Ya kai haske kabarinta. Kun ji amsa.

Jikar Iya: Hajiya, da sauran zance. Bayan an sha ruwan azumi gardi ya ɓace. Ba ɗan Tatsine ba ne kam, ko kusa. Amma ya tafi da kwallarta sabuwa ta jere, ga bashin ƙosai bai biya ba. Tun daga ranar har ta koma ga Allah, Iya ba ta ƙara ba wani gardi bashi ba, ko na sisi. In mun ce Iya ai ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, sai ta ce mu rufe mata baki, mu ba mu san zafin kwalla ba.

Baban Zahra: Hahaha! Malam, ka ji ko? Mai tsintar da kanta ta dawo layin Kawu.

Malam Na-Kusugu: Bashi ta hana, Alhaji. Ba ta miƙa kowa ga masu gora ba. Akwai tazara.

Tela Mai Almakashi: Gardin nan ina zargin jikokinsa ne suka shiga siyasa. Su zo su ji ɗumi a murhunka, su ci ƙosai bashi, bayan zaɓe ka nemi kwalla ka rasa.

Ɗan Yammawa: Tela, a can ai an juya maganar. Buhu ne guda duk ƙwaro, ana neman wake ɗaya mai kyau da fitila. Namu honorabul ɗin takardar Allah-wadai guda gare shi, sunan ƙauye kawai ake canzawa. Rannan har an manta ba a goge na wancan watan ba.

Maman Hanifa: Don Allah kar ku ja a rufe mana zaure.

Ɗan Yammawa: Ban kama suna ba Hajiya. Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

Jauro: Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Ina yi wa ƙanen Ɗan Ƙofar Marusa jaje, don na san abin. Amma ni ba sai na je Kudu ba. Tun da aka kwashe yaran makarantar Ƙanƙara a Disambar 2020, innata ta daina kai nono kasuwar da ta shekara talatin tana zuwa. Matan da ke kiranta ƙawa su suka fara cewa leƙen asiri take zuwa yi. Shanunmu ma ɓarayin ba su bar mana ba. Da Kudu ta yi muku kuɗin goro kun ce zalunci ne. Mu da muke sahu ɗaya da ku a masallaci, mene ne sunan namu? Laifi tudu ne.

Ɗan Batsari: Jauro, ka yi haƙuri, amma mu da muke kwana a daji da 'ya'yanmu ba za a koya mana tsinta ba. Wanda ya shigo mana da dare mun ji harshen da yake yi. In kun san na cikinku ku fito da su. Abokin ɓarawo ai an san sunansa.

Jauro: Wannan maganar taka ita ce matar cikin mota ta faɗa wa mai albasa, harafi da harafi.

Ummu Sadiq: Kuma ita aka faɗa a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, da aka tare mafarauta 16 suna hanyar zuwa gida sallah aka ƙone su. Ɗan Batsari, Allah Ya kawo muku sauƙi, ba wanda ya raina abin da kuke ciki. Masu kai rahoton ma ai ba Fulani kaɗai ba ne, kowa ya san da masu kai musu fetur da burodi daga cikin gari.

Ɗan Batsari: Wannan kuma gaskiya ne. Amma ba zan janye ba.

Malam Na-Kusugu: Ku sassauta. Ina da tambaya ga Alhaji. Liman Abubakar Abdullahi na Barikin Ladi, a 2018 ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana a shiga. Shi ma mutum ɗaya ne. Me ya sa ba mu da karin maganar da ta ce ɗaya na gyara gari?

Baban Zahra: Saboda ba ya gyarawa, Malam. An ba shi lambar yabo a Amurka, an tafa, an watse. Wanda ya shiga masallatai biyu a Christchurch a 2019 ya kashe masallata 51, kun ji an sauke Turawa daga mota ana duba musu jaka? Cewa aka yi shi kaɗai ne. Ashe sun iya tsinta in waken nasu ne.

Ummu Sadiq: Amma a yi adalci, mutanen New Zealand sun yi abin kirki a lokacin. Firaministarsu ta yafa mayafi ta je ta'aziyya, waɗanda ba Musulmi ba suka cika ƙofar masallatai da furanni.

Tela Mai Almakashi: Namu da ya je ta'aziyya da mai hoto uku ya je, ya bar buhun shinkafa mai ɗauke da fuskarsa.

Ɗan Ƙofar Marusa: Jama'a, ni fa har yanzu ban san abin da zan ce wa Kawu ba. Yaron ya ƙi zuwa gaishe shi yau da safe.

Maman Hanifa: Ka ja shi ya je ya gaida babba, ko me aka faɗa. Sauran a bar wa Allah.

Ɗan Yammawa: Jikar Iya, ni kwallar ce ta tsaya min. Ba a taɓa jin labarinta ba?

Jikar Iya: Goggona ta ce ta ga mai kama da ita a kasuwar Mai'aduwa bayan shekaru, har da ɗan lotsawar murfin. Iya ta ce a bar ta, ba ta son ganinta. Kishiyarta kuma har ta mutu tana cewa ba gardin ne ya ɗauka ba.

Baban Zahra: To wa ya ɗauka?

Jikar Iya: Alhaji, wannan kuma maganar gidanmu ce.