Karas ɗina ya fito siriri da tauri, wai ya koma na daji ne?

Mai tambaya: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Lambun mahaifinmu ne a gefen Zariya, shekara biyu ke nan da ya dawo hannuna. Bara na shuka karas da irin gwangwani, ya yi kyau. A cikin fangalin akwai 'yan tsiraru da suka yi tsayi suka fid da farin fure kamar laima, sai na ce ga sauƙi ya zo, na bar su suka bushe na tara iri. Shi na shuka bana farkon Nuwamba. Jiya na tuge na gwaji: wasu sirara kamar ɗan yatsa, launi ya koɗe, tsakiyarsu kamar itace, wasu kuma sun yi ƙafa biyu, uku. Maƙwabcina ya ce karas ɗin ne ya koma na daji. Wai da gaske akwai na daji? Kuma wane iri zan saya nan gaba?

Dattijo mai lambu a Jos: Wa alaikumus salam. Yaro, laifin ba na daji ba ne, na zaɓenka ne. Karas na kirki shekararsa ta farko saiwa yake tarawa, sai ya sha sanyi sosai sannan ya yi fure a zagaye na biyu. Wanda ya yi gaggawar fure tun a shukar farko shi ne mafi lalacewa a fangalin, domin da ya fara tsayi sai ya janye abincin saiwar zuwa sama, ita kuma ta yi tauri. To 'ya'yan waɗannan masu gaggawar ka tara, ga shi sun gado iyayensu. Mu da mun ga irinsu tugewa muke mu ba awaki.

Malamin gona daga Kano: Baba ya gama magana, zan ɗan ƙara ne kawai. Ɗan'uwa, duba gwangwanin bara in yana nan. In ka ga an rubuta F1, iri ne da aka yi wa aure, kuma 'ya'yansa ba sa fitowa kamar uwarsu, kowane da kamarsa. Ga ƙudan zuma da sauran ƙwari suna kai garin fure daga wannan zuwa wancan.

Na daji kuwa akwai shi, shi ne kakan wanda muke ci. A Turai da arewacin Afirka da yammacin Asiya yake fitowa da kansa a bakin hanya, saiwarsa fara, siririya, mai tauri, ƙanshin karas ne amma ba ta da daɗin ci. A wajen Afganistan da Iran aka fara noma shi don saiwarsa, sama da shekara 1,000 da suka wuce, kuma a lokacin rawaya ne da shunayya. Mai ruwan lemon nan da muka saba da shi sai wajen ƙarni na 16 zuwa na 17 ya yaɗu, daga manoman Holan. Inda na dajin yake kusa da gona, yakan haɗu da na gida ya ɓata iri. A lambunka na Zariya ban ga dalilin ɗora masa laifi ba.

Wani mazaunin Ingila: Tabbas, a nan lokacin bazara ya cika gefen titi. Sai dai ana gargaɗin mutane kada su tuge su ci, saboda akwai wani tsiro mai dafi da ake kira hemlok, furensa kusan iri ɗaya da nasa, kuma yana kisa.

Mai tambaya: Ikon Allah. Malam, na duba, F1 ɗin na nan a jiki. To masu ƙafafuwan fa?

Malamin gona daga Kano: Wannan ba iri ba ne, ƙasa ce. Ɗanyen taki, ko tsakuwa, ko ƙananan tsutsotsin saiwa. Ka zuba kashin kaji bana?

Mai tambaya: Na zuba, sati ɗaya kafin shuka.

Dattijo mai lambu a Jos: Ai ka ji. Karas ruɓaɓɓen taki yake so. Batun iri kuma, ƙasarka za ka tambaya. In jigawa ce mai laushi, ka nemi Nantes, ko ɗan gidansu Touchon. 'Yan Faransa ne, santala-santala, ƙarshensu a dakushe, ga zaƙi, zuciyarsu ƙarama. In ƙasar tana da laka, Chantenay ya fi, gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya buƙatar nitsewa can ƙasa. In ka makara har zafin Maris zai same shi a gona, Kuroda na Japan ya fi jurewa. Dogon nan Imperator da ake gani a hoto kada ya ruɗe ka, sai ƙasa mai zurfi marar dutse, in ba haka ba ya karkace maka. Kowanne ka shuka, ka rage su tun suna ƙanana, ka bar kamar faɗin yatsa uku tsakani, ka riƙa tura ƙasa a kafaɗarsu kada rana ta mayar da ita kore.

Hajiya mai sayar da kayan miya: Ɗana, ni ba manomiya ba ce, amma daga 'Yankaba, kasuwar kayan gwari ta Kano, nake sarowa. Masu shinkafa da masu haɗa salak Nantes suke ɗauka da ido rufe, sai dai yana saurin karyewa a buhu, in ya kwana uku kuma ya yi laushi. Mai faɗin kafaɗar nan ya fi shan wahalar mota. In kasuwarka nesa ce ka yi lissafi da wannan. Na banan ma kada ka zubar, ka ware masu ƙafafun ka kai wa masu markaɗawa da masu abinci a farashi mai sauƙi, ɗanɗanonsu bai canza ba.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri, Baba, Malam, Hajiya. Ƙasarmu rabi da rabi ce, wajen rafi laka, sama jigawa. Baɗi in Allah Ya kai mu zan raba fangalin biyu. Sauran irin da na tara kusan rabin mudu ne, yana nan a kwalba. Baba, awaki na cin sa?