Wa ya taɓa cika filin jirgi da jiragen kwamfuta?

Matuƙin Fagge: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata uku ina tuƙi a FSX, wato Flight Simulator X, manhajar kwaikwayon tuƙin jirgin sama a kwamfuta, kuma duk lokacin da na sauka a Malam Aminu Kano sai zuciyata ta karye: fili wayam, babu jirgi ko ɗaya, hasumiya ba ta da wanda za ta yi wa magana sai ni. Na rubuta jadawalin jiragen da kwamfuta ke tuƙawa da kanta da manhajar AI Flight Planner, Boeing 747 ya tashi daga DNKN (lambar filin Kano) zuwa Jidda kamar jigilar alhazai. Na haɗa jadawalin ya zama fayil ɗin BGL, irin wanda FSX ke karantawa, na jefa shi a foldar Scenery\World\Scenery, na kai ma'aunin yawan jirage 100. Shiru kake ji. Wanda ya taɓa shiga wannan halin ya ba mu labarinsa.

Baban Amira: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kafin ka taɓa jadawalin, je ka duba wurin fakin. Sati biyu na yi a kan wannan matsalar. Jirgin kwamfuta ba ya bayyana sai ya sami wurin da zai ɗauke shi, kuma FSX da rabin faɗin fukafuki yake auna shi. Faɗin fukafukan 747-400 ya ɗan haura mita 64, rabinsa ya wuce 32, ka ga ba zai shiga wurin mita 18 ko 23 ba, sai babban wuri na mita 36. Na buɗe filin a Airport Design Editor, manhajar gyara zanen filin jirgi, na faɗaɗa wurare huɗu, na haɗa kowanne da hanyar da ke kaiwa titin 06/24. Kada ka raina wannan haɗin. Akwai wanda na bari a yanke ban lura ba, jirgi ya tayar da inji, ya tsaya cak na 'yan mintuna, sai ya ɓace ina kallo.

Daren da abin ya yi aiki ba zan manta ba. Ina cikin ƙaramin Cessna a bakin titi, hasumiya ta ce in dakata, na waiga dama sai ga fitilu suna saukowa cikin ƙurar hunturu da na saita. Ya taɓa ƙasa, hayaƙin taya ya tashi, ya bi hanya sannu a hankali har wurin da na zana masa da hannuna. Wallahi sai da na kira yarana su zo su gani.

Ɗan Damagaram: Ni tawa ta agogo ce. Na sa ƙaramin jirgi ya riƙa zirga-zirga tsakanin Yamai da Damagaram, DRRN zuwa DRZR, tashi ƙarfe 8 na safe. Na zauna jira, bai motsa ba sai ƙarfe 9. Ashe jadawalin da agogon GMT yake aiki, mu kuma Nijar da Najeriya muna gaba da awa ɗaya. Ka rage awa ɗaya a duk abin da za ka rubuta.

Malamin lissafi: Ku ƙara da wannan, don shi ne ya fi ɓoyewa. In akwai fayil ɗin zirga-zirga na tsarin FS2004, manhajar da ta gabaci FSX, ko guda ɗaya a cikin FSX, to na tsarin FSX za su yi ɓatan dabo, har da jiragen ruwa. Ni na jawo wa kaina, na kwaso tsofaffin fayiloli daga kwamfutar yayana ban duba ba. AI Flight Planner yana iya zaƙulo su ya juya su. Sannan sunan jirgin da ka sa a jadawali dole ya zo daidai da layin title na aircraft.cfg, fayil ɗin bayanan jirgin, harafi da harafi.

Hajiyar Apapa: Tunda an ambaci ruwa bari in sa baki. A Legas na tashi, mahaifina ya yi aiki a tashar jiragen ruwa, don haka duk sanda zan sauka a Murtala Muhammed ta ɓangaren teku idona kan ruwa yake. Na zana hanya a Google Earth daga bakin teku zuwa Apapa, na adana ta a matsayin KML, irin fayil ɗin Google Earth, na haɗa da manhajar AI Boat Traffic Compiler. Karon farko ɗigo biyar kacal na sa. Sai ga ƙaton jirgin kwantena ya yanke kwana, yana ratsa tudu a wajen Tarkwa Bay. Jirgin ruwan kwamfuta bai san tudu ba, layin da ka ba shi kawai yake bi. Kuma gaɓar da ke hoton Google ba lallai ta dace da gaɓar cikin manhajar ba, sai ka bi hanyar da kanka a ƙasa-ƙasa kana gyara ɗigo ɗaya bayan ɗaya. Na ƙara ɗigo sosai a kwanonin, na rage gudu, yanzu yana shigowa a natse kamar yadda na saba gani ina yarinya.

Baban Amira: Hajiya, Allah ya saka da alheri. Kin tuna min, ina son sa jirgin ruwan fasinja tsakanin Sawakin ta Sudan da Jidda, hanyar da kakanninmu suka bi zuwa aikin Hajji.

Ɗan Damagaram: Ga masu ƙaramar kwamfuta irin tawa, kada ku bar ma'auni a 100. Ni a 40 nake, kuma samfurin jirage marasa nauyi da aka ƙera don wannan aikin nake sawa, ba waɗanda ake tuƙawa ba. Da na sa masu nauyi, hoto sai ya riƙa sarƙewa a Abuja.

Matuƙin Fagge: Alhamdulillah! Baban Amira, maganarka ce. Na faɗaɗa wurin zuwa mita 36, na gyara agogo kamar yadda ɗan'uwa na Damagaram ya ce, ga shi can a tsaye da fitilunsa. Saura in ga ko zai sami wuri a Jidda. Hajiya, don Allah gudu nawa kika sa wa na kwantenar a cikin mashigin?