Yaranmu na gidan burodi suna ta ajiye aiki, wai ilimin ƙwaƙwalwa zai iya tsayar da su?

Manajan Gidan Burodi, Ƙofar Ƙaura:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, a yi haƙuri da tsawon bayani.

Shekara uku ke nan ina riƙe da gidan burodin kawuna a nan Katsina. Ma'aikatanmu 22 ne: masu kwaɓi, masu gashi, masu ƙulla leda, sai direbobi biyu. Daga ƙaramar salla zuwa yau mutum 8 sun bar aiki. Wanda ya fi ƙona min rai shi ne babban mai kwaɓinmu, mutumin da in ya taɓa kwaɓi da yatsa zai gaya maka ko yis ya yi yawa. Ya koma wani gidan burodi a hanyar Jibiya, kuma da na bincika, naira 2,000 kacal albashin can ya ɗara namu. Sabon yaro kuwa sai ya yi wata biyu kafin hannunsa ya faɗa, kafin nan burodi ya yi ta ƙonewa, masu shayi su yi ta dawo mana da shi.

To, wani matashi ya zo da kwamfuta da hotunan ƙwaƙwalwa masu launi, ya ce zai yi mana bitar kwana biyu a kan ilimin ƙwaƙwalwa, ma'aikata su samu natsuwa su daina gudu. Naira 350,000 ya nema. Masu sani, abin nan gaskiya ne ko cin kuɗi? In biya, ko in raba kuɗin a albashi?

Dakta, Ƙofar Marusa:

Wa alaikumus salam. Ilimin gaskiya ne, amma kada ka ciro ko sisi tukuna. Amsa min uku. Ƙarfe nawa masu aikin dare suke shiga, ƙarfe nawa suke tashi, kuma yaushe mutum yake sanin zai kwana a wurin aiki? Wace rana kuke biyan albashi? In burodi ya ƙone, me ake yi wa wanda ya ƙona shi, kuma a gaban wa?

Manajan Gidan Burodi:

Dakta, ka taɓo inda yake ciwo. Masu dare suna shiga bayan isha'i, su tashi wajen tara na safe bayan an loda motoci. In oda ta yi yawa sai in ce wa na rana su zarce, wani lokaci da la'asar nake sanar da su. Albashi kuma yakan fita tsakanin 28 ga wata zuwa 10 ga sabon wata, ya danganta da kuɗin fulawa. In an yi asara a kan raba ta a cire wa duk 'yan wannan daren. Shi kuma Kawu mutum ne mai faɗa, in ya shigo ba ya duba wa ke wurin.

Tsohon Mai Gashi:

Malam manaja, ni na yi shekara biyar a gaban wuta a wani gidan, bari in ba ka daga bakin mai ita. Ba zafin wuta ya kore ni ba. Wata asuba na zarce daga aikin rana, ina tsaye gaban injin murza kwaɓi, wallahi sai ji na yi hannun rigata ya shige. Barci ne ya ɗauke ni a tsaye, ido buɗe. Allah ya tsare, rigar kawai ta tafi. Da gari ya waye gwangwani arba'in sun ƙone, mai gidan ya tsayar da ni gaban masu shayi da yaran da ni na koya wa aiki, ya kira ni sakarai. Ina da mata da 'ya'ya uku a lokacin. Ban ce uffan ba, na wanke hannu na tafi, ko ragowar kuɗina ban koma karɓa ba. Mai kwaɓinku ba dubu biyu ta ja shi ba, ka je ka tambaye shi.

Dakta:

Madalla, ya riga ya yi rabin bitar kyauta. Bari in ɗora.

A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe mai suna amigdala, shi ne mai gadi. In ya hango barazana sai jiki ya saki sinadarai irin su adirenalin da kotizol daga wasu ƙananan sassan jiki da ke kan ƙoda, zuciya ta yi sauri, mutum ya shirya faɗa ko gudu. A daidai lokacin, sashen da ke bayan goshi, wanda ke lissafi da tuna awo da danne fushi, sai aikinsa ya raunana. Shi ya sa yaron da aka daka wa tsawa yake manta ko ya zuba gishiri. Faɗan da ake yi don a rage kuskure, shi ke ƙara shi. Kuma mai gadin nan ba maciji kaɗai yake ɗauka barazana ba, har da tozarci. A 2003 Naomi Eisenberger da abokan aikinta a jami'ar UCLA ta Amurka sun sa mutane wasan jefa ƙwallo a kwamfuta suna cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa, sai aka daina jefa musu da gangan. Wani sashe da ke motsawa lokacin raɗaɗin ciwo ya motsa. Masana na jayayya kan iya kamannin abubuwan biyu, amma mu da muke cewa magana ta soke ni ba mu yi nisa da gaskiya ba.

Na biyu, rashin tabbas. A 2016 masu bincike a jami'ar UCL ta Landan sun yi gwaji da ɗan jan lantarki a hannu. Mutane sun fi shiga damuwa lokacin da abin yake ko a ja su ko kada a ja su, fiye da lokacin da suka tabbata za a ja su. Ka auna wannan da magidancin da bai san ko 28 ko 10 ga wata zai biya mai shago ba, bai kuma san ko yau a gida zai kwana ba sai la'asar.

Na uku shi ne babba a wurinku, barci. Baligi na buƙatar aƙalla awa 7. Jiki na da agogonsa da ke bin haske da duhu, binciken wannan agogo ne ma ya samu kyautar Nobel ta likitanci a 2017. Tsakanin ƙarfe uku zuwa biyar na asuba agogon nan ya fi jan mutum ƙasa, daidai lokacin da wutarku ke ci. Wani bincike da aka buga a 2000 ya nuna wanda ya yi awa 17 zuwa 19 bai runtsa ba, saurin hankalinsa kan koma kamar na wanda barasar jininsa ta kai mizanin hana tuƙi a Ostareliya. Wanda ya tashi da asuba ya yi aikin rana ya zarce, kafin tsakar dare ya shiga wannan hali. Direbobinka fa? Su ma ka duba.

Ɗan Daura:

Dakta, da girmanka, amma kada mu yi ta kewaye-kewaye. Yunwa ce. Tun 2024 mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne. Na san dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, amma mai sayar da masara a kasuwa ba ya tambayar ku nawa ne a wurin aikinku. Manaja bai faɗi nawa yake biya ba, kuma shirun nan ma amsa ce. Batun mai bita kuwa, gwada shi: in ya ce maka kashi 10 cikin 100 na ƙwaƙwalwa kawai muke amfani da shi, ko ya fara raba ma'aikata zuwa masu ƙwaƙwalwar dama da na hagu, ka ba shi burodi biyu ka raka shi titi. Duka biyun tatsuniya ce.

Dakta:

Ban musa ba, Ɗan Daura, tunanin abin da za a ci ma yana cinye hankali. Sai dai mutumin da aka ba mu labarinsa dubu biyu ya bi, ba dubu ashirin ba. A kan tatsuniyoyin nan biyu kuwa ka yi daidai.

Hajiya Mai Abinci, Sabuwar Unguwa:

Ɗana, ni ban yi boko mai zurfi ba, amma shekara 19 ina riƙe da 'yan aiki a gidan abinci, kuma akwai wadda tun tana budurwa take tare da ni, yanzu 'yarta ke yi min wanke-wanke ranar Asabar.

Cire asara a kan kowa ka daina shi yau ɗin nan. Wanda ya yi aikinsa tsaf aka yanke masa saboda barcin wani, ba zai yafe maka ba, ba zai kuma yafe wa abokin aikinsa ba. Ka samu allo ka rataye a bakin ƙofa, ka rubuta sunan masu dare na mako guda tun ranar Juma'a, ka kuma bar su su yi musaya a tsakaninsu in wani na da suna ko jana'iza, su dai sanar da kai. Ka tsayar da ranar biya guda, ko da 5 ga wata ce, in dai ba ta motsi. Ni kuɗin 'yan aiki daban nake ajiye shi tun farkon wata, ko shinkafa ta ƙare ba na taɓa shi. Ka shimfiɗa tabarma a ɗakin da ba zafi, masu dare su riƙa kishingiɗa na minti ashirin bi da bi yayin da kwaɓi ke tashi. Da shayi mai kauri, ai ba burodi za ku saya ba.

Amma duk wannan mai sauƙi ne. Aikinka na gaskiya Kawu ne. Kada ka tunkare shi da cewa faɗansa ke korar mutane, ɗa ba ya yi wa uba haka. Ka lissafa masa buhu nawa na fulawa aka yi asara a hannun sababbin yara tun salla, ka kai masa a takarda bayan ya ci abincin dare. Sannan ka roƙe shi alfarma ɗaya: in ya ga kuskure ya kira ka ofis ya sauke a kanka, kai ka ji da yaran. Dattijo ya fi karɓar roƙo a kan gyara. In ya ƙi, ka bi ta wajen gwaggonka.

Manajan Gidan Burodi:

Allah ya saka da alheri, Hajiya, Dakta, da kowa. Ɗan Daura, ka kama ni, masu ƙulla leda naira 35,000 suke karɓa, kuma zan sa wannan a takardar da zan kai wa Kawu. Mai bita na ce masa ya dakata. Allo na aika a sayo a Babbar Kasuwa, zarcewa daga rana zuwa dare kuma na soke ta daga yau, ko da za mu rage oda.

Jiya bayan magariba na je gidan tsohon mai kwaɓinmu kamar yadda aka ce. Ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo fura. Da na tambaye shi dalili sai ya yi shiru, can ya ce ranar da matarsa ta haihu ya nemi a ɗaga masa kwanan aiki, na ce masa oda ta yi yawa. Wallahi na manta da maganar sam, kuma ba Kawu ba ne ya faɗa, ni ne. Ya ce ba zai dawo yanzu ba don ya riga ya ba mutane alƙawari, amma ƙanensa na neman aiki, zai turo min shi ranar Litinin.