Don Allah a agaza min, kek ɗin cakulet da gyaɗa yana lotsawa

Amaryar Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum 'yan uwa, kaina ya kulle wallahi. Ranar Asabar ƙanwar maigidana za ta yi walimar sauka, kuma ni da bakina na ce a gaban Hajiya surukata zan kawo kek na cakulet da gyaɗa. Abin da ya sa na faɗa, faccalata ce kullum ake yabo, tun sunan ɗanta da ta yi cincin da donat ake zancen hannunta, ni kuwa tun da aka kawo ni gidan ba a taɓa cewa ga abin da na iya ba. Yarinyar ma ita ta roƙe ni, a TikTok ta gani. To duk wanda na gwada sai ya taso gwanin sha'awa, ina saukewa tsakiyar ta lotsa, ƙasan ya ƙone, cikin ya caɓe. Launin ma bai yi duhu ba. A tukunya da yashi nake gasawa. Ya zan yi?

Anti Mai Kek: Wa'alaikumus salam. Ba ki faɗi awonki ba, amma na san Milo kika zuba.

Amaryar Ƙofar Marusa: Bournvita ce, Anti. Da markaɗen gyaɗa gwangwani biyu a cikin kwaɓin.

Anti Mai Kek: To ai ga shi nan. Kayan shayi ne waɗannan, sukari da madara sun fi yawa a ciki, ba za su ba ki duhu ba sai zaƙi. Ki shiga Babbar Kasuwa wajen masu kayan kek ki sayi hodar koko zalla, mai ɗaci. Fulawa gwangwani biyu, koko rabin gwangwani, sukari ɗaya da rabi, ƙwai biyu, mai rabin gwangwani, nono gwangwani ɗaya, bekin soda ƙaramin cokali ɗaya, bekin fauda ɗaya. A ƙarshe ki zuba ruwan zafi rabin gwangwani, shi ke fito da ƙamshin koko. Gyaɗar kuma ki fitar da ita daga kwaɓin gaba ɗaya, nauyi da maiƙonta ke danne miki kek. Ki buga ta da bota da garin sukari, ki shafa tsakanin kek biyu bayan sun huce.

'Yar Daura: Ni dai a cikin kwaɓi nake sawa, cokali uku, bai taɓa lotsa min ba. Wutarki ce ta yi yawa, 'yar uwa. Ki bar yashin ya yi zafi tukuna, ki rage gawayin ƙasa, ki ɗora garwashi a kan marfi. Kada ki buɗe kafin minti 25, sannan ki soka tsinke, in ya fito tas ya gasu.

Maman 'Yan Biyu: Gyaɗar nan a inji kika kai? Ni an taɓa markaɗa min bayan attarugu, sai da na zubar da kwano guda, mai injin ko haƙuri bai ba ni ba. Su dai kuɗi kawai suka sani.

Amaryar Ƙofar Marusa: A turmi na daka. Anti, ni gyaɗar a ciki nake so, haka yarinyar ta nuna min. Kuma Bournvita babban gwangwani na riga na saya, maigida ba zai ƙara ba ni kuɗin koko ba, ƙwan ma sai da ya yi magana.

Anti Mai Kek: To ki yi ta asarar ƙwai. Sana'ata ce wannan, da oben a kan digiri 180 ma gwangwani biyu na gyaɗa ba zai tashi ba, balle yashi. Haka kwastomomi suke, a kawo hoton waya a ce shi ake so, a zo biyan kuɗi a fara a yi haƙuri.

'Yar Daura: Anti, kirim ɗin bota da zafin Katsinan nan ga ba wuta, kafin a kai gidan walima ai ya narke.

Anti Mai Kek: Nawa bai taɓa narkewa ba.

Maman 'Yan Biyu: Ni da za ki ji tawa, ki ba da aiki a yi miki, ki juye a farantinki. Wa zai sani?

Amaryar Ƙofar Marusa: Faccalata za ta sani, duk masu kek ɗin unguwar ƙawayenta ne. Yau da daddare zan sake gwadawa da gyaɗa gwangwani ɗaya. In na ƙara bekin fauda ba zai tashi ba?

'Yar Daura: A'a! Yawanta ma lotsar da kek yake yi.

Amaryar Ƙofar Marusa: Anti Mai Kek, ke me kika ce? Kina nan?