Randunana suna tsagewa tun da na canza yumɓu

Assalamu alaikum, magina. Daga Dawakin Tofa aure ya kawo ni wani ƙauye kusa da Ringim, na ci gaba da ginin tukwane. Yumɓun nan baƙi ne na fadama, danƙonsa ya yi yawa. Randa tana ginuwa lafiya lau, amma kafin ta bushe sai gindin ya tsage, siririyar tsaga kamar zare. Wadda ta tsira kuma ta fashe a wuta.

Na ƙara ƙaiƙayi, na mayar da shanya inuwa, na lulluɓe da tsumma saboda iskar hunturu. Duk a banza. Da na zuba yashi, sai bakin ya riƙa marmashewa a hannuna. Abin haushi, ƙananan kasake ba sa yin haka.

Don Allah, kwano nawa na dakakken tsingaro kuke zubawa a kwando guda na irin wannan yumɓun?